Darasi na Tara: Daga Juyin Sanda zuwa Lamba

Injin lantarkin da ke tura motar haibirid, irin Toyota Prius, ba ya juyawa don kawai an ba shi wuta. A tsakiyarsa akwai rota, wato ɓangaren da ke juyawa, ɗauke da maganaɗisu. A kewayenta kuma kwayil ne a kafe, ba sa motsi. Inbata ce ke raba musu wuta, kuma dole kowane kwayil ya samu rabonsa daidai lokacin da maganaɗisun ya iso inda jan zai yi amfani. In ta yi gaggawa ko ta makara, injin zai rasa ƙarfi, ya ɗau zafi, ya riƙa fizga. Saboda haka tambaya ɗaya kwamfutar motar take ta maimaitawa muddin injin na aiki: ina rota ta sa gaba yanzu?

Ku duba irin saurin da ake magana a kai. Injin da ke juyi 6,000 a minti, juyi 100 ke nan a sakan. Kowane juyi digiri 360 ne, sai ya zama digiri 36,000 a sakan guda. Idan amsa ta makara da kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan, rota ta riga ta yi gaba da digiri 36. Haka lamarin yake a hannun mutum-mutumin masana'anta, da injin sassaƙa ƙarfe mai aiki da kwamfuta, da faifan rada, da fukafukin jirgin sama. Dukkansu suna bukatar na'urar da za ta ji juyi, da kuma wata da za ta mayar da abin da aka ji ya zama lamba, domin kwamfuta ba ta san komai ba sai lamba.

Rizolba

Duk wanda ya taɓa buɗe taransifoma ya riga ya san rabin rizolba. A taransifoma ana sa wutar AC a kwayil na farko, ta haifar da wuta a kwayil na biyu ba tare da wayoyinsu sun haɗu ba. Yawan abin da na biyu zai samu ya danganta da yadda suka fuskanci juna. In suka daidaita, ya samu cikakke. In aka karkatar da ɗaya, rabon ya ragu. In aka gicciye su, kusurwar digiri 90, na biyu ba zai samu komai ba.

Rizolba taransifoma ce da aka gina kan wannan. Kwayil na farko yana juyawa tare da sandar inji, kuma ana ciyar da shi wutar AC ƙarama mai saurin kai-komo, galibi tsakanin sau 2,000 zuwa 20,000 a sakan, an fi yawan amfani da 10,000. A jikin gidan kuma akwai kwayil biyu a kafe, ɗaya ya gicciye ɗaya. Shi ya sa za ku ga wayoyi shida suna fita daga cikinta: R1 da R2 na ciyarwa, S1 da S3 na kwayil guda, S2 da S4 na ɗayan. Yayin da sanda ke juyawa, wutar ɗaya tana hawa, ta ɗayan tana sauka.

Irin da ke cikin motocin haibirid ta fi wannan sauƙi. Duk kwayil ukun suna jikin gida, rotar kuwa tsagwaron ƙarfe ce mai tudu da kwari, kuma tazarar da ke tsakaninta da kwayil ita ke canza ƙarfin siginar. Kamfanin Tamagawa Seiki na ƙasar Japan ya yi fice da wannan samfuri, kuma shi aka sa wa Prius, motar da ta fara fita kasuwa a 1997. Ku lura, idan rota tana da tudu huɗu, siginar za ta maimaita kanta sau huɗu a juyi guda, kuma dole a sanar da kwamfuta hakan.

Dabarar ta tsufa. Yayarta, sinkuro, mai kwayil uku da digiri 120 a tsakaninsu, ita ce ta riƙa nuna wa ma'aikatan Mashigin Panama matsayin ƙofofin ruwa a kan teburinsu tun buɗe shi a 1914, kuma da ita jiragen ruwan yaƙi suka riƙa saita manyan bindigoginsu a Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya hana a yar da rizolba har yau shi ne, babu komai a cikinta sai tagulla da ƙarfe. Zafi ba ya damunta, bare mai ko ƙura ko jijjiga. Sannan da zarar an kunna wuta take faɗin inda sanda take, ba sai an juya an nemo mafari ba.

Me ya sa kwayil biyu

Ku tsaya a gefen keke ku kalli feda ana juya ta. Abu biyu za ku iya aunawa: tsawon da ta yi sama ko ƙasa da tsakiya, da kuma nisan da ta yi gaba ko baya. In aka ce muku feda ta hau rabin tsawonta, ba ku gama sanin inda take ba, domin tana iya kasancewa ta gaba, tana iya kasancewa ta baya. Amma in aka haɗa muku duka biyun, wuri ɗaya tak ya rage. Hawa da saukar nan shi ne abin da ke rubuce a kalkuleta da sunan sin, gaba da bayan kuma shi ne cos. Kwayil ɗaya na rizolba sin yake bayarwa, ɗayan cos.

Mu gwada da lamba. A ce mafi girman abin da kowane kwayil ke iya bayarwa bolt 1 ne. Muka auna muka samu sin 0.5, cos 0.866. Mu raba na farko da na biyu, mu samu 0.577. Mu danna maɓallin tan⁻¹ a kalkuleta, za ta ce digiri 30. To a ce wutar ciyarwa ta ragu da kashi 10 cikin 100 saboda zafi ko tsawon waya. Yanzu sin ya koma 0.45, cos ya koma 0.779. Ku raba, za ku sake samun kusan 0.577, kusurwa tana nan a digiri 30. Wannan shi ne babban ƙarfin rizolba, kuma ina so ku riƙe shi da kyau: ba girman wutar ake karantawa ba, rabon da ke tsakanin wutar biyu ake karantawa. Duk abin da ya taɓa su biyun daidai-wa-daida, ya ɓace a wurin rabawa.

Saura alama. Idan sin da cos duk suna da alamar tarawa, sanda tana tsakanin digiri 0 da 90. Idan cos ya koma alamar ɗebewa, sin bai koma ba, tana tsakanin 90 da 180. Misali sin 0.5 da cos −0.866 digiri 150 ne. Idan duk biyun na ɗebewa ne, tsakanin 180 da 270. Idan sin kaɗai ne na ɗebewa, tsakanin 270 da 360.

A nan mai lura zai yi tambaya: wutar AC kai-komo take yi, sau dubbai a sakan, to ina ta samu alamar tarawa ko ɗebewa? Amsar ita ce, ana gwada ta da wutar ciyarwa. Idan siginar tana hawa lokacin da wutar ciyarwa ke hawa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, alamar tarawa ce. Idan tana sauka lokacin da waccan ke hawa, ta ɗebewa ce. Ke nan wutar ciyarwa ita ce madogara, kuma na'urar da ke karanta rizolba dole ta riƙa kallon ainihin wutar da aka ciyar da ita. Mita ta hannu ba ta yin wannan gwaji, shi ya sa ba za ta bambance muku digiri 30 da 150 ba.

Hanyoyi biyu na fitar da lamba

Hanya ta farko kai-tsaye ce. Akwai ɓangaren lantarki da ake kira ADC, aikinsa ya ɗauki ƙarfin wuta a wani ɗan lokaci ya ba da lamba. Ana sa shi ya ɗauki sin da cos a tare, daidai lokacin da wutar ciyarwa ta kai ƙololuwa, sannan kwamfuta ta yi rabawa da lissafin da muka yi da kalkuleta. Sharaɗin a tare ɗin nan ba na wasa ba ne. In aka ɗauki ɗaya kafin ɗaya alhali sanda na gudu, an haɗa rabin amsar wuri guda da rabin amsar wani wurin. Da yake ƙananan kwamfutoci na dā ba su da ƙarfin irin wannan lissafi, wani injiniya na kamfanin Convair a Amurka, Jack Volder, ya fito da dabarar CORDIC, wadda ya wallafa a 1959. Da tarawa da ɗebewa da raba lamba gida biyu kawai take gano kusurwa, tana matsowa kusa da amsa mataki-mataki. Ya ƙirƙiro ta ne don na'urar nuna hanya ta jirgin yaƙi B-58, kuma har yanzu ana amfani da ita.

Hanya ta biyu ita ce ta bin sawu, kuma ita ce a cikin yawancin IC da aka ƙera musamman don wannan aiki. Na'urar tana da ƙirgau a cikinta, mai riƙe da kusurwar da take zato. Mu kira kusurwar gaskiya A, ta zato B. Sai ta ninka siginar sin A da cos B, ta ninka siginar cos A da sin B, ta ɗebe na biyu daga na farko. Ƙa'idar lissafi ta ce abin da zai rage shi ne sin na bambancin A da B. In zato ya yi daidai, ba abin da zai rage. In zato yana baya, saura zai fito da alamar tarawa, ƙirgau ya ƙara. In ya zarce, ƙirgau ya rage. Haka take ta gyara kanta ba tsayawa, kuma lambar da ke cikin ƙirgau ita ake miƙa wa kwamfuta.

Ribar wannan hanya biyu ce. Tana tace hayaniyar da waya ta kwaso, domin ƙirgau ba ya tsalle saboda tartsatsi guda. Sannan saurin da ƙirgau ke gudu shi ne saurin sandar, an samu ma'aunin gudu a kyauta. An tsara ta yadda in sanda na juyi da sauri ɗaya ba ta zama a baya ko kaɗan; sai lokacin da gudu ke ƙaruwa ko raguwa ne take ɗan makara kafin ta cim ma.

Yawan lamba daban, gaskiyar lamba daban

Ana faɗin ƙanƙantar matakin na'ura da bit. Mai bit 10 tana yanka da'ira gida 1,024, kowane gida kusan digiri 0.35. Mai bit 12 gida 4,096, digiri 0.088. Mai bit 14 gida 16,384, digiri 0.022. Mai bit 16 kuwa gida 65,536, kowanne digiri 0.0055. Wani sanannen IC na kamfanin Analog Devices, AD2S1210, yana ba mai aiki damar zaɓar ɗaya daga cikin huɗun nan, amma kowane zaɓi da farashinsa. A bit 10 yana iya bin sandar da ke juyi 3,125 a sakan, a bit 16 kuwa iyakarsa kusan 156. Mai son ƙananan matakai sai ya haƙura da gudu.

Wurin da mutane da yawa ke ruɗewa shi ne ɗaukar ƙanƙantar mataki a matsayin daidaito. Takardar wannan IC ɗin da kanta ta nuna cewa mafi kyawun samfurinsa yana iya kuskuren minti 2.5 na kusurwa, minti 60 ne kuwa ke yin digiri guda. Wato kusan digiri 0.04, matakai bakwai zuwa takwas na bit 16. Wannan tun kafin a zo ga kuskuren rizolbar kanta, da na waya, da na zaman da aka yi mata a kan sanda.

Mun ce abin da ya taɓa sin da cos daidai-wa-daida ba ya cutarwa. Abin da ya taɓa ɗaya ya bar ɗaya shi ne matsala. A ce soket ya yi tsatsa, ko an yi wa wayar sin ƙari, har ƙarfinta ya bambanta da na cos da kashi 1 cikin 100 kacal. Lissafi ya nuna kuskuren zai kai kusan digiri 0.29 a wuraren da ya fi tsanani, wato digiri 45 da 135 da 225 da 315, ya ɓace a 0 da 90 da 180 da 270. Matakai sama da 50 ke nan na bit 16. Allo zai ci gaba da nuna lamba mai ɗigo da jerin lambobi a bayansa, tsaf-tsaf, alhali na ƙarshen nan duk ba su da tushe. A ganina ma'aikacin da ya gane wannan ya fi wanda ya haddace sunan IC ɗari, domin shi ne zai san inda zai fara dubawa. Irin kuskuren ma yana tona asirin sanadinsa: wanda ke kammala zagaye biyu a kowane zagayen sigina, rashin daidaiton ƙarfi ne, wanda ke zagaye ɗaya, galibi wata wuta ce ta ɗoru a kan sigina guda, wanda ke nan daram ko'ina, zaman rizolbar ne ya goce.

Akwai gwaji mai sauƙi da na'urar ke yi wa kanta. Sin ninki kansa, a tara da cos ninki kansa, jimlar ba ta canzawa duk inda sanda ta juya. Ku gwada da 0.5 da 0.866: 0.25 da 0.75, jimla 1. In jimlar ta faɗi ƙasa warwas, waya ta tsinke. In tana hawa tana sauka da juyi, siginar biyu ba su daidaita ba. Da irin wannan ne mota ke kunna fitilar gargaɗi ta ajiye lambar matsala.

Abin da ya faru a Apollo 11

Ranar 20 ga Yuli 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suna gangarowa duniyar wata a cikin ƙaramin jirginsu Eagle, sai kwamfutar jirgin ta fara nuna gargaɗi mai lamba 1202, daga baya 1201. Sau biyar aka yi haka. Ma'anar ita ce aiki ya yi wa kwamfutar yawa. A cibiyar kula da tafiyar da ke Houston, Steve Bales, da taimakon Jack Garman, ya yanke cewa a ci gaba da sauka, domin injiniyoyin jami'ar MIT sun tsara kwamfutar yadda in ta cika za ta watsar da ƙananan ayyuka ta riƙe muhimmai.

Asalin matsalar darasinmu ne na yau. Eagle yana da rada ta neman babban jirgi Columbia, inda Michael Collins ke kewayawa yana jiransu. Faifan radar yana juyawa ta fuska biyu, kowace da rizolbarta, kuma akwai akwatin da ke mayar da siginarsu lamba ta hanyar bin sawu. A matsayin da maɓallin radar yake a lokacin, wutar da ke ciyar da rizolbobin daga wani tushe take fitowa, wutar da akwatin ke dogara da ita kuma daga wani tushen. Duka biyun sau 800 suke kai-komo a sakan, amma ba a ɗaure su su riƙa hawa da sauka tare ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta danganta ne da lokacin da aka kunna wuta, kuma a ranar ta faɗo a mummunan wuri. Akwatin ya riƙa ganin kuskuren da ba zai taɓa iya sharewa ba, sai ya dinga aika wa kwamfuta saƙon ƙara ko rage da iyakar saurinsa, sau 6,400 a sakan ga kowace rizolba, 12,800 ke nan gaba ɗaya. Kowane saƙo yana cin ɗan lokaci, jimlarsu ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na lokacin kwamfutar, daidai sa'ar da ba ta da rara. Rizolbobin lafiyarsu ƙalau, akwatin ma haka. Madogarar ce ba ɗaya ba.

Inkoda, a taƙaice

Ba kowane inji ke amfani da rizolba ba. Inkoda faifai ne mai tsaga-tsaga, haske na ratsawa ta tsagar, na'ura na ƙirgawa. Tana iya fin rizolba daidaito, amma ƙura da zafi da girgiza sun fi yi mata illa. Mai ƙirga matakai tana mance inda take in wuta ta ɗauke. Mai faɗin cikakken matsayi kuwa sau da yawa tana amfani da tsarin lambobin Frank Gray na Bell Labs, wanda ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1953, inda bit ɗaya kaɗai ke canzawa daga gida zuwa gida, don kada a karanta wata lamba ta daban a kan iyakar gida biyu.

A wurin aiki

Kafin komai, motar haibirid irin Prius tana ɗauke da batir mai sama da bolt 200, kuma wayoyin ruwan lemo su ne nasa. Wannan wuta tana kisa. Kada wanda bai samu horo ba ya kusance su, wanda ya samu kuma ya bi ƙa'idar cire wuta da ke littafin motar, da safar hannu ta musamman.

Bayan nan, a fara da abu mai arha. A cire soket a duba tsatsa, mai, ko fil da ya lanƙwashe. A auna ohm na kwayil uku a gwada da abin da littafi ya ce. Na sin da na cos ya kamata su yi kusa da juna. A tabbatar babu kwayil da ke taɓa jikin inji ko taɓa ɗan'uwansa. Wayoyin rizolba a murɗe suke biyu-biyu cikin rigar kariya, don su kauce wa hayaniyar inbata, saboda haka kada a warware murɗin, kada a yi musu ƙari da wayar da aka tsinta, kada a kwantar da su jikin manyan wayoyin inji. Wanda ya musanya S2 da S4 ya juya alamar siginar wannan kwayil, kwamfuta za ta ga injin yana komawa baya alhali gaba yake yi. Idan kuma an kwance rizolba ko an sauya inji ko inbata, a duba ko motar tana bukatar a sake koya mata inda sifili yake, domin kaucewar digiri kaɗan a kan sanda tana ninkuwa gwargwadon yawan maganaɗisun rota.

Aikin gida

1. An auna sin −0.707, cos −0.707. A wace kusurwa sanda take?
2. Injin yana juyi 3,000 a minti, amsa kuma tana makara da kashi 1 cikin 10,000 na sakan. Digiri nawa rota ta wuce?
3. Wata na'ura mai bit 14 tana da kuskuren digiri 0.2. Matakai nawa ke nan?
4. Ka ga kuskure yana tsananta a digiri 45 da 135, yana ɓacewa a 0 da 90. Me za ka fara dubawa, kuma da wane kayan aiki?